Tulun Gishirin Baba Linval

Har yanzu ba na iya shiga wurin da aka jera abinci tire-tire kowa ya ɗibi son ransa. Makon jiya a bikin wata ƙawata, ana buɗe murafe tururi ya tashi, sai na ajiye farantina. Fita na yi na tsaya a gindin mota. Mamata ta ce in je in ga likita. Ni kuwa na ga gara in rubuta labarin Baba Linval Peart, ko ya sauka daga ƙirjina.

Baba Linval maƙwabcinmu ne a Miami Gardens ta Amurka, shingen waya kawai ya raba gidajenmu. Mutumin Jamaika ne kamar iyayena, daga wani ƙauye da ke kan tudu a bayan Falmouth. Dogo ne siriri, ya fara ranƙwafawa, kuma har ya tsufa bai daina tafiya ƙafa a ware ba, kamar mai tsoron ƙasa za ta karkace da shi. Shi da matarsa Inna Adina ba su taɓa haihuwa ba, saboda haka ni ce 'yar gidan. A barandarsu na yi aikin makaranta, a can na ci bulalar baki, a can kuma na sha labarin jiragen ruwa har na haddace.

Bai kai shekara ashirin ba ya hau jirginsa na farko, wanda bai taɓa kira da wani suna ba sai Tsohuwa. An ƙera ta ne don ƙetare Atlantika, tana kwaso mutane daga Italiya zuwa New York da akwatunansu da kekunan ɗinkinsu. Da jirgin sama ya ƙwace wannan kasuwa, sai aka sayar da ita ga wani kamfani a Miami, aka shafa mata farin fenti, aka ce daga yau aikinta yawo da masu hutu. Da wankin kwanuka Baba ya fara, ya koma gyaran ɗakuna, daga baya ya zama mai kai abinci tebur.

"Fasinja ɗari shida ne, Sherine," yakan ce mini. "Kafin a kai tsibiri na biyu na san wanda ba ya cin barkono, na san wadda ke ɓoye wa mijinta kwalba a jaka. Kuma ko ina ka tsaya a jikinta kana ganin ruwa."

A cikin Tsohuwa ya haɗu da Inna Adina. Tana komawa gida ne ganin mahaifiyarta, a ɗaki mafi araha can ƙasa kusa da inji, teku ta juya mata ciki tana ta amai. A tsakanin tsibirin Cayman da Jamaika ya kai mata shayin citta da busasshen biskit. Ta ɗaga kai ta dube shi ta ce idan guba ce ya ƙaro mata kofi biyu. Shekara na zagayowa suka yi aure.

Daga nan jirage suka fara kumbura. Wata shekara aka kai Tsohuwa ma'aikatar ƙira aka yanke ta biyu kamar burodi, aka cusa mata sabon ciki a tsakiya aka liƙe, don a sami ƙarin ɗakuna. Baba ya ce tun daga ranar ba ta sake tafiya daidai ba, idan igiyar ruwa ta buge ta sai ta yi wani nishi a wurin ɗinkin. Bayan wasu shekaru aka ce ta yi ƙanƙanta, aka sayar da ita ga masu yankan ƙarfe a wata gaɓa a Indiya. Aka mayar da shi wani jirgin da ya ninka ta, daga nan wani da ya ninka wannan. Ya yi shekara arba'in da wani abu yana ɗaukar tire, har gwiwa ta ce ta gaji.

Duk tsawon wannan lokaci Inna Adina tana aiki a gidan kula da tsofaffi, tana juya su tana yi musu wanka. Ranar Asabar da jirgi ya dawo takan tsaya a tasha da kwanon shinkafa da wake a nannaɗe cikin tawul. Wata bakwai yana kan ruwa, wata biyu yana gida.

"Teku ce uwargida," takan ce, tana harararsa. "Ni ai 'yar aiki ce. Linval, in na riga ka tafiya ka kai ni wurin nan da ka ba ni shayi ka zuba ni. In je in ga abin da take ba ka da ni ban iya ba."

"Ke dai ki mutu tukuna, tsohuwar banza," shi kuma ya ce. "Ke da ko kwale-kwale kika gani sai kin nemi bokiti."

Ta rasu shekara biyu da suka wuce, bayan gajeruwar jinya. An ƙone gawar kamar yadda ta yi wasiyya. Baba ya sayi wani ɗan tulu da aka yi da gishiri, fari tas, irin wanda ke narkewa idan ya shiga ruwa. Ya zuba tokar a ciki ya ɗora a kan talabijin. Kullum da safe sai ya gaishe ta, ya faɗa mata farashin kifi.

A shekarar da ta rasu na gama jami'a, na karanta kimiyyar muhalli. Na yi wata da watanni ina neman aiki, sai ga kamfanin da Baba ya yi wa bauta ya ɗauke ni mataimakiyar jami'in kula da muhalli a sabon jirginsu, mafi girma da suka taɓa yi. Ranar da na fara ganinsa a tasha sai da na ji jiri. Hawa kusan ashirin, fasinja wajen dubu shida, ban da mu ma'aikata. A cikinsa akwai lambu da itatuwa na gaske, da filin wasan zamiya a kan ƙanƙara, da titi mai shaguna dama da hagu. Na yi murna sosai. Na ɗauka zan riƙa auna tsabtar ruwa ne da farar riga.

Shara aka ba ni. Can ƙasa, ƙarƙashin layin ruwa, akwai wani ɗaki mai sanyi inda duk abin da aka bari a faranti yake gangarowa. Ban san mutum na iya ɗibar abinci haka ya bari ba. Cinyar kaza da aka gatsa sau ɗaya. Jatan lande tuli guda da ba a taɓa ba, an kashe sigari a kai. Kek, taliya, kankana, ƙwai, askirim da ya narke ya bi ta kansu. Duk a tura cikin injin niƙa, ya fito kamar kunu mai launin ƙasa, ya tafi cikin tanki. Warinsa ba irin na ruɓa ba ne, wani zaƙi-zaƙi gare shi mai tsami, yana shiga gashi, sabulu ba ya fitar da shi. Doka ta hana a zubar da shi kusa da gaɓa. Sai jirgi ya yi nisan mil goma sha biyu daga ƙasa, ɗakin tuƙi ya sanar ta oba-oba, sannan injiniya ya buɗe famfo.

Zuba tokar mamaci ma a ofishinmu take. Iyalai kan nemi izini, a ba su lokaci, ɗayanmu ya raka su bayan jirgi. Ita ma ƙa'idar kamfani ta ce sai an wuce wannan nisan.

Da na dawo hutuna na farko na gaya wa Baba jirginmu yana bi ta Cayman ya wuce zuwa Falmouth, sai ya ƙura wa talabijin ido. Ba hoton yake kallo ba.

"To, Farfesar shara," ya ce, "za ki iya sama wa Innarki wuri?"

Ya sayi tikitin ɗaki mafi araha, marar taga. Ya hau da kwat ɗinsa baƙa ta zuwa coci, da ƙaramar jaka, da tulun a cikin kwandon saƙa na Inna, ya lulluɓe shi da tawul ɗin nan na kwanon shinkafa. Na tarye shi a bakin ƙofa na bi da shi ta titin shaguna. Kiɗa na tashi, wani na ihu a lasifika ana gwanjon agoguna, yara na gudu da askirim. Ya tsaya ya juya gabas ya juya yamma.

"Sherine."

"Na'am, Baba."

"Ina tekun?"

"Tana waje, Baba. Sai an hau sama ko an fita gefe."

"Au. Ashe ba su zo da ita ba."

Kwana biyu yana yawo da kwandon a hannu, don ya ce ba zai bar ta ita kaɗai a ɗakin da ba taga ba. Wata mata ta tambaye shi ko kyanwa ce a ciki. A babban ɗakin cin abinci na same shi zaune gaban kofin shayi, yana kallon wani ƙato mai jar fata da ya jero faranti huɗu a gabansa, ya ci kaɗan daga kowanne, ya ture, ya tashi ya ɗebo na biyar. Wani yaro ɗan Filifin ya zo ya kwashe yana murmushi. Baba ya kama hannun yaron ya tambaye shi sunansa da garinsu. Yaron ya tsorata, ya ɗauka ƙararsa za a kai.

Shugabana a wurin aiki wani mutumin Kuroshiya ne, Mista Vlado, mai son barkwanci, ba mugu ba. Shi ne ya tsayar da lokacin zuba tokar: yammacin da za mu bar Cayman. Tun da safe na same shi na ce masa wannan ba baƙo ba ne, ubana ne, kuma tanki ya cika tun daren jiya da aka yi shagalin abincin teku, ga shi za mu wuni a tasha ba za a zubar ba.

"Don Allah a riƙe famfo sai mun gama."

"Ke kin cika fargaba, ƙanwata," ya ce, yana tauna tuffa. "Ba matsala. Zan gaya musu a ƙasa. Je ki yi kukanki cikin kwanciyar hankali."

Na sake tuna masa da rana. Ya ɗaga mini babban yatsa.

Da la'asar sakaliya jirgi ya tashi. Na ɗauki Baba muka sauka ta matakalar ma'aikata zuwa can bayan jirgi, inda ake ajiye manyan igiyoyin ɗauri. Nan ne wuri mafi kusa da ruwa. Babu kiɗa sosai, sai rugugin inji a ƙarƙashin ƙafa, da farin kumfa da jirgi ke bari a bayansa kamar titi. Rana ta yi ƙasa, ruwan ya yi shuɗi mai duhu, tsantsa, har kana jin kamar ka sha. Baba ya ja numfashi mai tsawo.

"Yawwa," ya ce. "Ga ta nan. Adina, ga kishiyarki."

Ya cire hularsa ya ba ni. Ya buɗe tawul ya fito da tulun ya rungume. Ya karanta zabura guda da ka, muryarsa ba ta rawa, sannan ya shiga yi mata magana ƙasa-ƙasa. Na ji yana gaya mata ya biya kuɗin wuta, kuma itacen mangwaro ya yi fure. Na matsa gefe na ba su wuri, oba-oba a hannuna.

Can ta yi ƙara. Muryar ɗakin tuƙi ce: "Mun wuce mil goma sha biyu."

"Baba, yanzu," na ce.

Ya sumbaci tulun. Ya miƙa hannu biyu ta kan ƙarfen kariya, ya sake shi a hankali kamar mai kwantar da jariri. Tulun ya faɗa cikin kumfa ya nutse, ya sake tasowa, fari, yana lilo. An ce mana yakan ɗan jima a sama kafin ya narke. Baba ya ɗaga masa hannu.

Warin na fara ji. Na san shi kafin ƙwaƙwalwata ta yarda. Na leƙa ƙasa, sai na ga farin kumfan yana sauya launi daga gefe ɗaya, wani kauri mai ruwan ƙasa yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin jirgi yana bazuwa. Sanarwar nan guda ɗaya ce, kuma ba ni kaɗai nake jiranta ba. Injiniyan da ke bakin famfo ya karɓi aiki ne da rana, ba wanda ya gaya masa komai, tankinsa kuma ya cika har wuya. Ya ji abin da yake ji kullum, ya yi abin da yake yi kullum.

Na danna oba-oba ina ihu. "A rufe! A rufe famfon abinci! Akwai gawa a ruwa!"

"Wa ke magana? Wani ya faɗa ruwa ne?"

"A'a, toka ce, ku rufe kawai!"

"Toka? To ki yi magana da Vlado."

Kafin a gama wannan, abin ya riga ya cim ma tulun. Na gan shi da idona, farin abu ɗan ƙarami a tsakiyar kunun nan, maiƙo na kewaye shi, yana manne masa. Tsuntsayen teku da suka biyo mu daga tsibiri suka sauko da kuka suna warwaso, kifaye na fantsama ta ƙasa. Wani tsuntsu ya sauka a kan tulun kansa ya sa baki. Daga can sama, wajen wurin ninkaya na fasinjoji, aka barke da tafi da sowa, ana gasar wanda tumbinsa zai fi watsa ruwa in ya faɗa.

Na durƙusa a kan igiya na yi amai. Baba bai motsa ba. Yana riƙe da ƙarfen yana kallo har abin ya yi nisa, ya zama ɗan tabo, tsuntsaye na shawagi a kansa. Sannan ya juyo ya ɗauki tawul ɗin Inna ya miƙo mini.

"Goge bakinki."

"Baba, na gaya musu. Wallahi na gaya musu."

"Na sani, 'yata." Ya karɓi hularsa ya sa. "Mace ta yi shekara arba'in tana share ƙazantar mutane. Na ce bari in kai ta wuri ɗaya mai tsabta." Ya sunkuya ya ɗauki kwandon. "Da na sani da na bar ta a kan talabijin."

Mista Vlado ya zo da gudu, fuskarsa ja. Ya ce ya aika saƙo, ya rantse ya aika, sai dai ga injiniyan safe ya aika. Ya riƙe hannun Baba yana ba da haƙuri, ya ce ai abinci ne kawai, ba najasa ba, kifi ne ke cinyewa, duk halitta ɗaya ce. Baba ya dube shi kawai har ya saki hannun.

Kafin a ci abincin dare aka aiko wa Baba da kati mai zanen zinariya, da sa hannun kyaftin, an rubuta daidai wurin da aka zuba tokar, don tunawa. A haɗe da shi akwai takardar cin abinci kyauta na mutum biyu a gidan gasasshen nama na hawa na sama. Na mutum biyu. Ni aka ba in kai masa. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa na kasa ƙwanƙwasawa, na jefa su a kwandon shara na ƙarshen layi, na san kuma gobe za su gangaro su same ni a ƙasa.

Da safe muka isa Falmouth. Jirgin ya fi duk garin tsawo, inuwarsa ta rufe kasuwa da coci. Na hango Baba yana sauka cikin 'yan yawon buɗe ido masu gajeren wando, shi da baƙar kwat, da jakarsa, da kwandon da ba komai a ciki. Na bi shi da gudu har bakin ƙofar tasha.

"Baba, ka san lokacin dawowa? Jirgi ba ya jiran kowa."

"Ni za ki koya wa, Farfesa?" Ya ɗan yi murmushi. "Akwai 'yar ƙanena a kan tudu. Ta daɗe tana cewa in zo. Ki gaya wa mamarki ta riƙa ba mangwaron nan ruwa."

"Kayanka fa? Gidanka?"

"Za a yi maganarsu. Ni dai ba zan sake taka wannan abu ba."

Da yamma aka fara kiran sunansa a lasifika, ana karya shi yadda aka ga dama. Fasinjoji suka fito baranda-baranda da kofuna a hannu, don abin nishaɗi ne a wurinsu su ga wanda ya makara yana gudu a kan gadar tasha, su yi masa ihu. Suka yi ta jira. Ba wanda ya zo da gudu. Ni na san inda zan duba. Can bayan shingen tasha, a kan katangar bakin ruwa inda masunta ke ɗaure kwale-kwale, akwai wani dogon mutum da baƙar kwat a zaune, ya juya wa jirgi baya, yana cin soyayyen kifi a takarda. Aka busa ƙaho har ƙasa ta girgiza. Bai waiwayo ba.

Na ƙarasa kwantiragina da ƙyar, ban sabunta ba. Ina gida yanzu, ina neman wani aikin, ba na barci sosai. Ni nake ba mangwaron ruwa. Ranar Lahadi yakan kira, ya tambayi itacen, ya tambaya ko na fara cin abinci kamar mutum. Daga ƙauyensu ana hango teku, amma 'yar ƙanensa ta ce mini ya sa an juya kujerarsa tana fuskantar duwatsu.